Wadda Ta Juya Baya a Tashar Unguwa Uku

Da sunan Allah nake farawa, sannan ina gaishe ku, ku da kuke ƙarar da datarku a kan damuwata. Yau ku yi min uzuri, cikin gaggawa nake rubutun nan a waya, in kun ga harafi ya karkace ku gyara da kanku. Wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Ikilima, 'yar Rano ce ni gaba da baya, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan kasuwa. Ni ce 'yar fari a gidanmu, sai ƙanwata Ramlat da ke karatun aikin jinya a Kano. Gobe Asabar da hantsi aka sa magabatan Muhyiddeen za su zo neman aurena. An share zaure, an jiƙa shinkafar waina, ni kuwa ina zaune ban san ko ni ce suke zuwa nema ba.

Muhyiddeen mutumin Kibiya ne, a Fammar aka haife shi, amma a Kano yake zaune, kuma zane ne sana'arsa. Birnin yake zanawa. Sai ya ɗame farin yadi mai kauri a jikin katako, ya matso fenti kala-kala, ya yi sati biyu ko uku a ɗaki yana fito da cunkoson 'yan adaidaita a ƙarƙashin gadar sama, ko layin 'yan atamfa a Kwari bayan an ɗauke ruwa, ko rufin kwanon wata unguwa da tsatsa ta cinye, ga tankunan ruwa, ga wayoyin lantarki sun harɗe da juna. Wai har daga Abuja da Legas ake zuwa saye a rataye a falo. Ni dai har gobe mamaki nake yi, a ce mutum ya gudo daga hayaniyar titi ya shige ɗakinsa mai sanyi, sannan ya ɗauki hayaniyar ya manna a bango. Na faɗa masa haka ranar da ya fara nuna min aikinsa a waya, ya yi ta dariya har da tari.

Abu ɗaya za ka lura da shi in ka ƙura wa zanensa ido, babu fuska ko ɗaya a ciki. Mahaifinsa malami ne mai karantarwa, kuma ranar da ya gane ɗansa ya kama wannan hanya ya kira shi zaure ya ce ba zai hana shi neman halalinsa ba, amma da sharaɗi, kada ya taɓa fitar da fuskar mai rai. Ya ce to, ya kuma riƙe. Shi ya sa duk mutanen cikin zanensa sun ba da baya, wanda bai ba da baya ba kuwa kaya ne ya rufe shi, ko lema, ko hular kwano. Shekara tara yana haka, har ya zama ya fi sanin mutum ta baya fiye da ta gaba. Ya taɓa ce min daga kafaɗa yake gane baƙon da yau ya fara shigowa birni, da magidancin da ya yi cacar baki da matarsa kafin ya fito. Na ce to Allah ya raba ni da juya maka baya.

Yadda ya same ni kuwa, wata biyar ke nan, wata Juma'a bayan La'asar aka yi sallama da ni. Na fito na tarar da wani dogo siriri, shuɗin fenti ya maƙale a gefen farcensa, tare da yayarsa Anti Suwaiba wadda nake ɗan gani a gidan biki. Labarin da ya ba ni shi ne, wata Litinin bayan ƙaramar Sallah yana tashar Unguwa Uku yana jiran motar gida ta cika, ya fito da littafinsa yana 'yan zane-zane, sai ya hango wata yarinya tsaye a tsakiyar tashar ta juya masa baya. Koriyar atamfa ce a jikinta mai ratsin ruwan ɗorawa tun daga wuya har ƙugu. Kowa a tashar motsi yake, 'yan kamasho na ihu, masu baro na neman hanya, ita kaɗai ce ba ta motsa ba. Ya zana ta cikin sauri, motarsu ta cika, ya tafi bai ga fuskarta ba. Da Anti Suwaiba ta ga zanen sai ta ce ai wannan ankon bikin Halimatu Sa'adiya ne da aka yi a Rurum Tsohon Gari. Mun fi mu arba'in da muka sa ankon nan, amma mutum ɗaya ce mai ratsi a baya, ni ce, don telana ya yi gangancin yanka, yadin ya gaza, ya cike da ƙyalle ya ce min wai sabon yayi ne. Anti Suwaiba ta binciko bidiyon bikin a wayarta, ga ni ina rabon shinkafa, na juya ratsin ya fito, na juyo fuskata ta fito. Shi ke nan aka tambayi 'yar gidan wa ce.

Ku tambaye ni me ya hana ni tsayawa in yi lissafin ranar. Wallahi ban ɗauki maganar da gaske ba. Kun san samari, kowa da ƙofar da yake shigowa ta ita, wani mafarki ya yi, wani istihara, wannan kuma ya zo da zane. Kuma na je Kano sau biyu a shekarar nan wajen tantance malamai, a Unguwa Uku nake hawa mota, sai na ce ƙila a ɗaya daga ciki ne ya gan ni. Na nemi ya nuna min, ya ce yana mayar da shi babban zane, sai ya gama zan gani. Na bar maganar. In faɗa muku gaskiya ma, daɗi ta yi min. Ni da a gidan biki ake miƙo min tire a zaton ina cikin masu aiki, yau ga wani ya zo daga birni yana cewa ni na tsayar masa da tasha guda.

Ban san ranar da son sa ya shige ni ba. Ƙila ranar da na yi masa ƙorafin ajina ba shi da allon koyon baƙaƙe, sati na zagayowa sai ga shi da katon kwali ya zana agogo da bokiti da cokali da darduma, har zuwa zobe, duk abubuwa marasa rai, yarana suka yi ta shafawa har sai da na ɗaga shi sama. Ko kuwa don yana sauraro ne. Ni mutum ce da ake katse wa magana a tsakiya, na saba, har na koyi yin shiru da kaina kafin a katse ni. Shi kuwa sai ya jira, ya ce ƙarasa mana Malama, ina ji.

Baba ne ya so ya ba da matsala. Ya ce zane wasan yara ne, ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da yake wuni yana kwaɓa kala ba. Sai da ya tura ƙaninsa har Fammar ya yi bincike, ya dawo ya ce gidan mutunci ne, uban malami ne, yaron kuma duk damina yana zuwa ya noma masararsa, sannan Baba ya sauko. Inna kuwa tun ranar farko ta gama ɗaura auren a ranta. Ba na ganin laifinta. Duk sa'o'ina a layinmu suna goyon na biyu, kuma duk gidan sunan da ta je sai an tambaye ta ina labarin Malama, da irin muryar nan ta jaje.

To, ranar Laraba da ta wuce ina zaune a gindin darbejiyar makaranta lokacin tara, ina cin awara, saƙonsa ya shigo.

"Malama, an gama. Ga ki nan."

Wani ya biyo baya: "An rataye shi a baje kolin da muka haɗa ni da abokaina masu zane. Wani mutum ya nace sai ya saya, na ce masa na ɗakin amarya ne."

Hoton ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, kun san sabis ɗin wajenmu. Da ya buɗe sai da na ajiye awarar. Jama'a, mutumin nan ya iya. Ga tashar nan kamar ka sa ƙafa ka shiga, motocin haya sun jeru an ɗaure musu buhuna a sama, hayaƙin mai tsire ya karkata gefe guda, mai rake ya duƙa yana ferewa, ruwan kwata ya kwanta yana ɗauke da hoton allon talla a kife. Duk launin ƙasa-ƙasa ne da toka-toka, sai a tsakiya kore ɗaya ya tsaya, da ratsin ruwan ɗorawa. Rigata ce, babu ko tantama, har ɗan karkacewar da ratsin ya yi wajen kafaɗa ya fitar. Na yi murmushi, na sa yatsu biyu na jawo hoton kusa. Nan murmushin ya tsaya.

Yarinyar ta saɓa mayafi a kafaɗa ɗaya. Ni kuwa tun ina sakandare ban taɓa taka ƙofar gida babu hijabi har gwiwa ba, in da ni ce ma ina zai ga ratsin? Wannan tambayar wata biyar ba ta zo min ba, sai ranar. Ɗaurin ɗankwalinta ya ɗaga jela ta hagu, irin na bahaguwa. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan jaka, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga haɓa. Ni ban taɓa tsayuwa haka ba a rayuwata, tsayuwata irin ta mai shirin ba da haƙuri ce. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan tsayuwar, kuma katifa ɗaya muka kwana a kai shekara goma sha takwas.

Sai komai ya dawo min. Bayan Sallah rigar nan ta ɓata, na zazzage akwati, na zargi maƙwabta, na zargi igiyar shanya, har kuka na yi. Bayan sati uku na tsince ta a jakar Ramlat da ta zo gida, da tabon dutsen guga a gefen hannu, tana ta rantsuwa wai ita ma ba ta san yadda aka yi ta shiga jakarta ba.

Na rubuta masa "Akwai maganar da" na goge. Na rubuta "Wannan ai" na goge. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "Masha Allah, ya yi kyau sosai." Nan take saƙon murya ya shigo, na kara a kunne, ga hayaniyar mutane a bayansa, yana cewa duk wanda ya shigo zauren wajen zanen nan yake fara tsayawa, kuma shi tun ranar da ya ga tsayuwar nan ya san matarsa ce. Na saurara sau huɗu. Aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji na rubuta kwanan watan jiya a allo, sai da yara suka gyara min.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne wannan. Wata biyar ni yake zuwa wajena, fuskata yake kallo, shirmena yake saurare, ni ya yi wa kwalin baƙaƙe. To ai ni yake so, ko? Amma kuma sau nawa yana ce min akwai wata jarumta a cikina da nake ɓoyewa, shi ya gan ta da idonsa, yana nan yana jiran ranar da za ta sake fitowa? Duk sanda na yi sanyi a kan wani abu, sai ya yi dariya ya ce ke da kika tsaya a tsakiyar tasha kamar ta gidanku. Ni kuma sai in ji na ƙara tsawo. Har hedimasta na taɓa mayar wa magana saboda wannan kalmar, abin da ban taɓa yi ba. Ashe jarumtar aro ce, mai ita tana Kano tana koyon yin allura.

Ranar Alhamis na kasa riƙewa na samu Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Kasancewata 'yar fari ba ta kiran sunana, kuma ba ma doguwar hira, don haka sai na tsuguna nesa kaɗan na miƙa mata wayar na faɗa mata komai ina kallon ƙasa. Ta daɗe tana duban hoton, ta nisanta shi, ta matso da shi. Ta gane Ramlat, na ga sanda ta gane ta. Ta miƙo min wayar ta ci gaba da tsintarta.

"Ke 'yar nan, rigar ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Wa ya yi wata biyar yana zuwa wajenta?"

"Ni ce."

"To me ya rage?"

Na ce gaskiya ce ta rage. Nan ta ajiye farantin. Ba ta ɗaga murya ba, Inna ba ta ɗaga murya, amma ta wanke ni tas. Ta ce Baba ya riga ya aika wa 'yan uwansa na Rurum, an gaya wa liman, an gaya wa mai unguwa, so nake a taru a watse a kan wani hoton da ko ido babu? Ta ce ba wanda ya yi ƙarya, kuskure ne aka yi, Allah kuma ya sa alheri a cikinsa, in kama bakina har a shafa fatiha, bayan shekara goma in na ga dama in ba shi labari mu yi dariya. Sannan ta ce in kira Ramlat in ce ta yi zamanta a makaranta, ba sai ta zo ba. Muhyiddeen bai taɓa ganin ta ba, duk zuwanta gida bai taɓa dacewa da Juma'a, ranar zuwansa, ba, sau ɗaya kawai suka gaisa a waya.

Na kira ta. Kafin in gama sallama ta ce ta riga ta karɓi izini, gobe da safe tana hanya, wa zai yi min kwalliya in ba ita ba? Na ce ai ba wani taro ba ne, maza ne kawai za su zauna. Ta ce ko aljanu ne za su zauna sai ta zo. Na kashe wayar.

Yau Juma'a wajen sha ɗaya ta faɗo gidan kamar an jefo ta, da ledar burodi da gilashi a goshi, tana kiran Inna tun daga zaure. Ta zube a katifa ta fizgi wayata, halinta ke nan, wai za ta ga hoton angon. Ban hana ta ba. Ina jin so nake wani ya ɗauke min nauyin faɗa. Ta yi ta wucewa har ta iso kan zanen, ta tsaya, ta jawo shi, sai ta kwashe da dariya ta ce kai, wannan ai ni ce, wa ya ɗauke ni? Da ta ɗago ta ga fuskata dariyar ta mutu. Na ba ta labari tun daga farko. Ramlat ta ajiye wayar a kan katifa.

"Yaya, wallahi ban ma san an yi ba," ta ce. "Kin san me ya tsayar da ni a wajen? Takalmina ne ya tsinke. Na ba mai gyara ya tafi da shi, ga ƙasa duk caɓi, shi ne na ɗora ƙafata a kan jaka. Haushi ne ya ishe ni, har kuka na kusa yi."

Ku ji fa. Tsayuwar da mutum ya yi wata biyar yana shafa mata fenti, wadda mutanen birni suke layi suna kallo, wadda ta sa na mayar wa hedimasta magana, ashe silifas ne ya tsinke. Na fara dariya, Ramlat ta taya ni, sai kuma na ji dariyar ta juye ta zama kuka ban san ta inda ta juya ba. To yanzu wa yake so? Ni ba ni ce a zanen ba. Ita ma Ramlat ɗin, in ka duba, ba ita ba ce. Ta rungume ni ta rantse ba za ta leƙa ko tsakar gida ba in ya zo, za ta kulle kanta a ɗaki har ya tafi. Ta ce ita ma ra'ayinta na Inna ne, in yi shiru. Na ce to.

Na ce to, amma da na idar da sallar La'asar na san ba zan iya ba. Zanen nan ɗakina za a kai shi. Kullum in buɗe ido in ga bayan ƙanwata a bango, mijina yana nuna wa baƙi yana cewa ga Ikilima ranar da na fara ganin ta, ni kuma ina murmushi ina zuba musu lemo? Shekara goma Inna ta ce. Ni ko kwana goma ba zan kai ba.

Na sa doguwar riga ruwan toka da farin hijabi, ban shafa komai ba sai kwalli. Biyar saura Muhyiddeen ya yi sallama. Yana zaune a kan tabarmar zaure cikin shadda ruwan sararin sama, an yi aski, an goge farce tas babu ɗigon fenti, sai ƙamshi yake. Farin ciki ya cika shi har ya kasa zama waje ɗaya. Ya ce daga nan Fammar zai wuce ya kwana, Baffa Sharu, ƙanin mahaifinsa wanda zai jagoranci zuwan, zai kira shi yanzu su tsayar da lokacin tashi da yawan mutanen da za su zo. Ya ce an sayi goro da alawa tun jiya. Ya ba ni labarin baje kolin, da abokinsa mai zana gine-ginen da ake rushewa, da wata mata da ta tsaya gaban zanena, haka ya ce, zanena, ta yi minti goma tana kallo. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ina da magana, ya gyara zama ya ce yana ji.

"Wadda ke cikin zanen nan ba ni ba ce."

Ya yi murmushi. "To wace ce?"

"Rigata ce, amma ba ni ce a cikinta ba. Ranar ina nan Rano. Ban gane ba sai shekaranjiya da ka turo."

Dariya ya yi, irin ta wanda yaro ya zo masa da wasa. Ya ce kunya ce take damuna don mutane sun gani, ya san halina. Ya ce shekara tara yana kallon bayan mutane, idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, in an jera mata ɗari sun juya baya zai fitar da ni. Na ce ka taɓa ganin bayana babu hijabi? Na ce in an ƙaddara ba ni ba ce fa, ya za ka yi? Ya ce ai ke ce, Malama, me ya kawo wannan tambayar ana gobe za a zo? Amma muryarsa ta ɗan sauka, kuma na ga yana duban kafaɗuna, ba fuskata ba.

Daidai nan na jiyo muryar Baba daga cikin gida, ya dawo daga gona ta ƙofar baya. Shi bai san komai ba. Faɗa yake yi, wai baƙo yana zaure ko ruwa ba a kai masa ba, ga ƙanwa a gida tana kwance, ina Ramlatu, ta tashi ta kai ruwa ta gaida yayanta. Na ji Inna tana cewa bari ita ta aika, Baba ya ce a aika wa, ga wadda al'ada ta ɗora wa? A gidanmu in Baba ya faɗi magana sau biyu ba a jiran ta uku.

Ta shigo da tire, jug ɗin zoɓo da kofi biyu. Allah sarki Ramlat, ta zumbula katon hijabin sallar Inna har yana jan ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta maƙale murya kamar ba ita ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tsokane ta da likitar gidanmu, ya ce ashe yau za a ga juna, ya tambaye ta karatu. Ta ce alhamdu lillahi, a taƙaice. Ta zuba zoɓon, ta miƙe, ta juya.

Taku biyar ne daga tabarmar zuwa ƙofar cikin gida. Yana cikin ce min wai gobe kada in bari a cika wa su Baffa yaji a miya, sai maganar ta tsaya a bakinsa. Hijabi har ƙasa, amma me hijabi zai ɓoye wa mutumin da ya yi shekara tara yana karatun kafaɗu? Ban kalli Ramlat ba, shi na kalla. Na ga idonsa ya bi ta taku ɗaya, biyu, har labulen ya rufe, kuma bai dawo da idon ba sai da labulen ya daina motsi. Ba kallon sha'awa ba ne, da shi ne da na san abin da zan ji, da na tashi na shige gida na yi kukana. Kallon mutumin da ya tarar da kuskure a aikin da ya riga ya sa wa hannu ne.

"Ramlat ke nan," ya ce a hankali.

Na ce ita ce.

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana duban fuskata, goshi, ido, baki, kamar yau aka fara nuna masa ita. Na so in gaya masa zancen takalmin, ko zai yi dariya komai ya wuce, na kasa tantance ko taimakona zai yi ko ƙarasa ni. Na so in ce masa ni ce dai wadda ka yi wa kwalin baƙaƙe, ban canza ba. Sai na koma halina na da, na yi shiru kafin a katse ni. Wannan karon bai ce in ƙarasa ba.

Wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma, tsakanin kofunan zoɓon da ba wanda ya taɓa. Daga inda nake ina ganin sunan, Baffa Sharu. Ya dube ta bai ɗauka ba har ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.

"Ka ɗauka mana," na ce. "Jiranka yake."

Ya ɗago, idonsa ya yi ja, kuma wallahi ba fushi ba ne a ciki.

"Ikilima, in ce masa me?"

Tun da muka haɗu bai taɓa kiran sunana ba sai yau. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar ni ma ban sani ba.